Inshorar Kawu da Shanun Mutane

Shekara huɗu na yi ina aiki a kamfanin Kawu, ƙanin mahaifiyata. Na ce kamfani ne tunda haka aka rubuta a allon bakin ƙofa, amma shago biyu ne a jere cikin Gusau, aka fasa bangon da ke tsakaninsu. Ɗaya cike yake da buhunan dusa da gishirin dabbobi da kwalayen maganin tsutsa. Ɗayan shi ne ofis: tebur biyu, fanka mai kuka kamar akuya, da kujerar Kawu mai juyawa, wadda ba mai zama a kanta ko da ya tafi Umara. Ni ce mai kwamfuta. Na taɓa aikin gwamnati, da aka rage ma'aikata na dawo gida Damba na zauna, har ranar da Kawu ya zo gaishe da Inna ya ce yana neman wanda ya iya buga rubutu kuma ba zai yi masa sata ba.

Abin da ya ɗaga kamfanin kwangila ce. Wata ƙungiya mai tallafa wa manoma da makiyaya ta ba Kawu aikin raba abincin dabbobi da allurar rigakafi a ƙauyuka. Sharaɗin farko shi ne a rubuta duk wanda zai amfana: sunansa, ƙauyensa, yawan dabbobinsa, kwatancen gidansa, da lambar waya. Da so samu ne a bi gida-gida, amma kowa ya san halin hanya. Mutum ya fita Gusau zuwa Tsafe, iyalinsa ba sa cin abinci da daɗi sai sun ji ya sauka. Shi ya sa Kawu ya ɗauki mutum biyu su yi aikin daga gidajensu.

Ta farko wata malama ce a Tsafe, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Da safe tana koyarwa a Islamiyya, da rana ta zauna a tsakar gida da waya tana kiran masu unguwanni da matan ƙauye. Na biyu tsohon hedimasta ne a Bungudu, mai sanyin magana. Rabin magidantan yankin sun sha bulalarsa suna yara, don haka ba mai ƙin ɗaukar wayarsa. Ni kuma na riƙe ɓangaren Mada da Ruwan Bore daga ofis. Duk abin da muka rubuta yana taruwa wuri guda a intanet, kowa ya shiga da kalmar sirri guda ɗaya. Kawu ne ya zaɓe ta: lambar motarsa. Ya ce ita kaɗai ce ba zai manta ba. Motar kuwa kullum tana fake a ƙofar shago, sirrinmu a rubuce gaba da baya, ana goge shi kowace safiya don ya fito sosai.

Kawu na ji da wannan tsari. In ya zauna majalisa bayan La'asar sai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya ce, "Ni hwa yanzu aikin Turawa nike yi. Ina nan zaune, ma'aikatana na Tsafe, na Bungudu, kowa na ɗakinshi." Bai taɓa ambata cewa wayoyin nasu ne, data su ke saye, caji kuma sai sun aika shagon mai janareta ba.

A shekara ta biyu ta kwangilar, ƙungiyar ta aiko da sabon sharaɗi. Duk mai riƙe da bayanan mutane sai ya yi musu inshora, saboda masu kutse. Na karanta masa wasiƙar sau biyu na fassara.

"Inshorar mi?" ya ce. "Mota na da inshora don 'yan sanda masu tare hanya su bar ka ka wuce. To suna, wa zai kaɗe shi?"

Na ce ba kaɗewa ba, sata.

"A saci suna a kai shi wace kasuwa?"

Daga nan ya koma ta fuskar addini. Kwana biyu inshora tana haram, har da ɗaga yatsa. Rana ta uku aka bugo aka ce in babu takardar zuwa ƙarshen wata, za a miƙa kwangilar ga wani Alhaji da ba sa ga-maciji da Kawu. Kafin Azahar ya gano cewa lalura tana halatta abubuwa da dama.

Wakilin kamfanin inshorar daga Kaduna ya zo, sanye da kwat cikin zafin bazara, gumi na bin ƙeyarsa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi bayani mai kyau. Ya ce ɓarawon yanzu ba ya haura katanga, saƙo yake aikowa, kai da hannunka ka buɗe masa. Ya ce haɗarin ya fi yawa inda ma'aikata ke aiki daga gida, kowa da wayarsa. Cikin bayanin awa guda wannan maganar kaɗai Kawu ya ji, ya kuma haddace ta. Wakilin ya ajiye fom mai shafi shida, ya ce a cika da gaskiya, ya fita neman masallaci.

Ni ce riƙe da biro.

"Kawu, sun ce ko kowane ma'aikaci na da kalmar sirrinsa daban."

"Rubuta e."

"Guda ce fa."

"Kowa ba da hannunshi yake buga ta ba? Rubuta e."

"Sun ce ko ana canza ta duk wata uku."

"In na canza mota za a canza. Rubuta e."

"Ko in za a shiga sai an turo wata lamba ta biyu a waya."

"Wannan kuma mi ne ne?"

Na yi masa bayani.

"To ai abu ne mai kyau. Rubuta e, in Allah ya so za mu yi."

"Ko ana ajiye kwafin bayanan a wani wuri daban."

Ya nuna kansa da yatsa. Na rubuta e.

Haka muka bi shafi shida kamar masu amsa amin. Ba zan ce an ɗaure mini hannu ba. Na san ƙarya nake rubutawa, kuma na zana ta da kyakkyawan rubutu. Tambaya ta ƙarshe ita ce ko ana horar da ma'aikata. Nan Kawu ya ce in dakata, wannan kam ba za a yi ƙarya ba, shi da kansa zai horar da su.

Ranar Asabar aka yi horon ta kiran bidiyo. Awa biyu Kawu na wa'azi a kan sakaci. Sabis ɗin Tsafe na zuwa na tafiya, fuskar Malama ta daskare a allo bakinta a buɗe, Kawu ya ɗauka mamakin iliminsa take yi, ya ƙara ƙaimi. Ya ce kada ta bar 'ya'yanta su taɓa wayar, don yaran yanzu ba su da hannun kirki. Ya ce wa Hedimasta shekaru sun ja, ido ya yi rauni, kada ya latsa abin da bai gani da kyau ba. Hedimasta ya ce, "To, Alhaji, Allah shi ƙara basira," da irin muryar da ake zaunar da ɗalibin da ya ba da amsar banza. Da aka gama Kawu ya sa na buga takardar shaidar horo guda uku, ya sa hannu. Ban buga tasa ba, tunda malami ba ya buƙata.

Wata biyar bayan haka, wata Laraba da hantsi, ya kira ni teburinsa, baki har kunne. An turo masa saƙo cewa wata majalisar 'yan kasuwa, wadda ban taɓa jin sunanta ba, ta zaɓe shi cikin gwarazan shekara, za a karrama shi a Abuja. Abin da ya rage kawai ya latsa shuɗin rubutun da ke ƙasa, ya tabbatar da imel ɗin kamfani da kalmar sirri, ya ɗora hoto.

Na ce, "Kawu, wa ya ba su sunanka?"

"Aiki ya ba su. Ke kina zaton ba a gani?"

"Amma me ya haɗa lambar yabo da kalmar sirri?"

"Don su tabbata ni ne. Kina son wani ya je ya karɓe?" Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗiyata, hassada ga mai rabo taki ce, amma ban zace ta daga cikin gida ba."

Ya aika gida aka kawo babbar rigar shadda mai aska takwas. Ni na ɗauki hoton da wayata, a gaban buhunan dusa, har sau biyar don hula ta ƙi zama, na tura masa. Da hannunsa ya buga lambar motar, yana karanta ta a fili. Shafin ya ce an gode. Da yamma ya ba tela ɗinkin sabuwar rigar zuwa Abuja.

Kwana tara ba mu ji komai ba. Ranar Juma'a da safe na kunna kwamfuta, jerin sunaye ya ƙi buɗewa. A wurinsa sai ga 'yar wasiƙa cikin Turanci mai ladabi. Sun kulle bayananmu, sun kuma kwashi kwafi. In ba a biya su cikin mako guda ba, za su sayar wa duk mai so. Kafin in gama karantawa Malama ta kira, Hedimasta ya kira, su ma ya ƙi buɗe musu.

Kawu dariya ya yi. Ya sa Hedimasta a sifika don ya taya shi. "Su sayar mana! Sunan manomi wa zai saya? Ni ko kyauta anka ba ni ina zan kai shi?"

Hedimasta ya bari ya gama. Sannan ya ce, "Alhaji, ka tuna layi na bakwai?"

"Mi ke layi na bakwai?"

"Shanu nawa. Na takwas, tumaki da awaki. Na tara, kwatancen gida: bayan masallaci, mai ƙofar langa-langa, kusa da tsamiya. Na goma, lambar waya. Mu munka tambaye su, kuma don sun san mu sunka hwaɗa muna."

A wata ƙasa wataƙila jerin nan takarda ce kawai. A wurinmu, inda ake samun mai cin kuɗi a ƙauye don ya tsegunta wa mutanen daji gidan wa ke da shanu, mun zauna shekara biyu mun yi musu aikin tsaf, layi-layi, har da lambar da za a kira.

Fuskar Kawu ta tsuke. Mutum irinsa in tsoro ya kama shi, wanda zai ɗora wa yake fara nema. Ya tuna maganar da ya haddace daga bakin wakilin inshora, ya kira Malama a gabana.

"Na hwaɗa maki ko ban hwaɗa maki ba? Yaranki sun taɓa wayar nan."

Ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa tana rantsuwa. Ta ce in ta gama aiki a akwati take sa wayar ta kulle da kwaɗo.

"Akwati! To ki zauna da akwatinki. Daga yau babu ke babu aikina."

Taku uku ne tsakanina da shi. Hoton babbar rigar na cikin wayata. Tun da na karanta wasiƙar zuciyata ke raya mini abu, amma na ce a raina ai ban tabbata ba. Da wannan na rufe bakina har aka tashi.

Kafin ya tafi masallacin Juma'a Kawu ya ɗauki matakin tsaro. Ya sa aka zare kwamfutata daga bango, aka kai ta sito aka binne tsakanin buhuna, ya ƙara kwaɗo biyu a ƙofa, ya ce wa maigadi duk baƙon fuskar da ya gani kada ya raga masa. Na ce masa ɓarayin ba a Gusau suke ba. Ya ce rigakafi ya fi magani.

Kamfanin inshora suka ce kada a biya ko sisi, za su haɗa mu da mai bincike. Ranar Litinin aka tono kwamfutar, aka kaɗe dusa, mai binciken ta bayyana a allo. Wata mata ce daga Abuja, tana jin Hausa, ba ta da yawan magana. Ta ce za ta duba wayar kowa daga can inda take. Malama, duk da an kore ta, ta bi duk abin da aka ce ta latsa. Kawu ya ce tasa ba sai an duba ba, shi ne mai kamfani. Matar ta ce ai da ta mai kamfani ake farawa.

Ba a yi minti ashirin ba. Ta juyo mana da abin da take gani, sai ga Kawu ya cika allo, aska takwas, hula a karkace, buhunan dusa a baya.

"Alhaji, wannan kai ne?"

"Ya yi kama da ni."

"Ranar Laraba da hantsi, daga wannan wayar aka ba su kalmar sirri."

"Wataƙila wani ya ɗauki wayar."

"Wa ya ɗauki hoton?"

Na ce ni ce. Wannan ce gaskiya ta farko da na faɗa wa kamfanin inshora, ita ma sai da aka tambaye ni.

Ta buɗe fom ɗinmu mai shafi shida, ta bi shi tambaya bayan tambaya, ni ina mayar da kowace e zuwa a'a. Da muka zo kan horo Kawu ya miƙe da ƙarfinsa, ya ɗauko takardun shaida ya nuna wa kyamara. Ta dube su ta ce, "Uku na gani. Ina taka?"

Mako ya cika, ba mu biya ba, ɓarayin ba su ƙara magana ba. Wasiƙar kamfanin inshora ce ta zo. Cikin Turanci mai laushi suka ce tunda abin da ke fom ya saɓa wa abin da ke ƙasa, ba za su ɗauki nauyin asara ba. Amma saboda karamci za su biya abu guda, wato sanar da waɗanda abin ya shafa. Suka nemi imel ɗin manoman. Na ce ba su da shi. Suka ce to a yi saƙon waya. Ƙungiyar na da lambobin bara, aka yi amfani da su. Saƙon ya tafi da Turanci, layi huɗu, yana shawartar mutumin Ruwan Bore da ya canza kalmomin sirrinsa, ya kuma riƙa lura da asusunsa na banki. Kawu ya ce alhamdu lillahi, an sanar, an fita haƙƙi.

Hedimasta ya ce ba a fita ba. Ya ce shi zai zagaya mutanensa na Bungudu da ƙafarsa, ni in je wa nawa. Kawu ya ce da ya kai ni, amma motar tana wani ƙara da bai yarda da shi ba. Na hau ta haya ranar kasuwar Mada.

Wani mai unguwa da na saba kira ya tara mini mutane a inuwar rumfar masu hatsi, za su kai talatin, har da 'yan Ruwan Bore da suka zo cin kasuwa. Yawancinsu muryata kawai suka sani. Na zauna a benci na faɗa musu ba kwana-kwana: abin da kuka gaya mini ɓarayi sun kwashe, kuma ban san hannun da zai shiga ba.

Can wani dattijo mai farin gemu ya tambaye ni shanu nawa na rubuta masa. Na ce ban riƙe ba.

"Biyu na ce maki."

Mutane suka fashe da dariya, don kowa ya san garkensa.

"Hajiya, tun ina yaro ubana ya ce mani, wanda duk ya zo da biro ya tambayi dukiyarka, ko mai haraji ne ko ɓarawo. Na yi asarar dusa shekara biyu, ban yi nadama ba."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Siriri ne, zai yi shekara arba'in da wani abu, da faci a kafaɗar rigarsa. Ya jira aka watse, ya matso ya tsuguna nesa kaɗan.

"Hajiya, ni talatin da biyar na ce maki."

"Allah ya ƙara albarka, Malam."

"Huɗu gare ni. Guda ma ta ƙanwata ce."

Ya ce an gaya masa da yawan shanu ake ba da dusa, sai ya ƙara. Yana karɓa ya ba nasa, saura ya sayar ya sayi gero. Yanzu a rubuce shi ne mai arzikin unguwarsu. Gidansa shi ne na ƙarshe ta bakin rafi, kuma ni da kaina na sa ya kwatanta mini har da bishiyar da ke ƙofa.

"To ina roƙon arziki a gyara. A mayar da shi huɗu."

Na ce jerin ba ya hannunmu.

"Ba sun bar adireshi ba? Ki rubuta masu ki ce an yi kuskure. In rantsuwa suka so, sai in yi."

Saura kaɗan in yi dariya. Da gaske yake. A ganinsa ɓarawon da ya iya rubuta wasiƙa da Turanci zai fi na daji sauraron bayani. Ya ce in aka zo aka tarar da huɗu, ba za a ce ya yi ƙarya a takarda ba, cewa za a yi ya ɓoye talatin da ɗaya, kuma ya san yadda ake tambayar mutum inda ya yi ɓoyo.

Na ce masa ba za a iya gyarawa ba, ya yafe mini. Ya ce ba komai, ya miƙe ya kaɗe wandonsa. Kafin ruwan farko ya sauka na ji ya sayar da shanun, ya kwaso iyalinsa zuwa Gusau wurin wani ɗan'uwansa, yana dako a kasuwa. Gonarsa wani ne ya noma. Har yau ban san ko jerin ya taɓa isa hannun kowa ba. Mai binciken ta ce sau da yawa barazana ce kawai, wanda ya kulle mu wataƙila bai san a wace ƙasa Mada take ba. Na yarda da ita. Sai dai ba ita ke zaune a gidan ƙarshe ta bakin rafi ba.

Ƙungiyar ba ta ƙwace kwangilar ba. Wasiƙa ma suka aiko suna yaba wa kamfanin bisa saurin kai rahoto, rahoton da ni na rubuta. Kawu ya sa aka yi wa wasiƙar gilashi, ya rataye ta saitin kansa. Abin da suka nema kawai a sake haɗa jerin bana. Hedimasta ya aiko da gajeren saƙo cewa shekaru sun ja, ido ya yi rauni kamar yadda Alhaji ya faɗa, ya ajiye aiki. Ni kuma na yi suɓutar baki na ce Malama kan fara rubuta komai a littattafan makaranta kafin ta shigar a waya, saboda ɗaukewar sabis. Washegari Kawu ya ajiye mini turmin atamfa a tebur, ya ce in je Tsafe in karɓo littattafan, in kuma ce mata ta dawo aiki.

"In ce ka ce ta yi haƙuri?"

"Ki ce na yahe mata."

Ta karɓe ni hannu biyu-biyu. Ta shimfiɗa tabarma a gindin ɗan zogalenta, ta dama fura. Bayan gaisuwa na gaya mata abin da mai bincike ta gano. Ta ce ta ji, Hedimasta ya kira ta. Na gaya mata kuma ni na ɗauki hoton, kuma ina zaune a wurin lokacin da aka kore ta. Ta ce wannan kam ba ta sani ba. Ta daɗe tana juya ludayi a ƙwarya.

"Da kin yi magana, da ke ma ya kore ki?"

"A'a. 'Yar yayarsa ce ni."

"To."

Ba ta ƙara komai a kai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tura mata atamfa, na isar da saƙon yafiyar yadda aka ba ni shi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, babbar 'yarta ta leƙo daga ɗaki. Sai da ta lafa na kawo maganar littattafai.

"Goma sha ɗaya ne," ta ce. "Ranar da Hedimasta ya gaya mani zancen layi na bakwai na jawo su na duba, na ga rubutuna ne. Matan nan daga cikin ɗaka suke gaya mani abin da ko mazansu ba su sani ba, tunkiya nawa ta ajiye wurin uwarta, akuya nawa wurin gwaggonta. Wake na dafa da su. Takarda ba ta da auki a wuta, sai da na ƙara kara."

Ta ce in gaya wa Alhaji ta gode da yafiya, Allah ya saka masa da irinta. Aiki kuwa ta samu wani, tana haɗa yaji da kuka tana aikawa Gusau. Ta warware atamfar, ta murza gefenta tsakanin yatsu, ta ce mai roba ce amma za ta yi wa yara.

Da na dawo na faɗa wa Kawu duka, har da addu'ar. Ya ce amin.

Na ƙara wata bakwai a kamfanin. Ni kaɗai na sake bin mutane ta waya ɗaya bayan ɗaya, na Tsafe, na Bungudu, na Mada. Wasu suna jin muryata sai su kashe. Waɗanda suka tsaya sun amsa mini cikin ladabi, kuma a sabon jerin babu mai saniya sama da uku. Masu unguwanni ma duk sun zama masu akuya guda. In na tambayi kwatancen gida sai a ce cikin gari, kowa ya san wurin. Na buga yadda aka faɗa mini, na tura.

Bayan mako biyu wani babba daga ƙungiyar ya bugo hankali a tashe, yana tambaya wace annoba ce ta shiga dabbobin yankin ba a sanar da su ba. Kawu ya yi ta jimami a waya, yana girgiza kai, yana cewa sai dai addu'a. Sannan ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya juyo gare ni.

"Ke, wace cuta ce ke kashe shanu da yawa haka? Ba ni sunanta da Turanci."

Na ce ban sani ba. An kira Azahar, na ɗauki buta na fita.